Jirgin da ya ƙi sauka a faifan C

Duk wanda ya taso tsakanin Palladan da Kwangila ya san ƙugin ƙananan jiragen ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama. Tun 1964 makarantar take nan Zariya. Muna yara, da mun ji ƙara sai mu bar ƙwallo mu ɗaga kai sama. Ni dai ban zama matuƙi ba, aljihun gidanmu bai kai nan ba, na ƙare a koyar da lissafi a sakandare. Amma abin bai fita raina ba. Shi ya sa ranar da na samu kwamfutar tebur ta hannu mai ɗan ƙarfi, wasan da na fara nema shi ne Microsoft Flight Simulator, wanda kamfanin Asobo na Faransa ya haɗa, ya fito a watan Agustan 2020.

An rubuta ƙarara cewa yana buƙatar giga 150 na wuri. Na gani da idona. Faifan SSD ɗina, wato ma'ajiyar kwamfuta mai sauri, na giga 256 ne, na ce ai da sauran canji. Ban tsaya na duba cewa Windows da sauran manhajoji da takardun jarrabawar ɗalibai sun riga sun ci rabonsu ba.

Yadda wasan yake, ɗan ƙaramin ɓangare kake fara saukewa. Sai ka buɗe shi sannan ya tambaye ka inda zai zuba babban kayan. A nan na yi wautar. Ɗoki ya hana ni karantawa, na danna gaba kawai, komai ya nufi faifan C, inda Windows ɗin kansa yake zaune. Dare biyu ina gadin kwamfuta saboda garaɓasar datar dare, ina shan shayi, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. A dare na uku layin nan na faifan C ya yi ja wur, saukewar ta tsaya cak. Ashe kayan a matse suke zuwa, sai an warware su, kuma warwarewar na son nata filin kafin a share na farkon.

Cikar faifan ba ta ƙona min rai kamar datar ba. Yi lissafin da kanka: giga 100 a kan layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki awa 22 da 'yan mintuna, in ba a ɗauke wuta ba, in sabis bai yi ƙasa ba. A unguwarmu kuwa waɗannan "in" ɗin biyu ba a cika samunsu tare ba. Mutumin da ke da intanet marar iyaka yana iya gogewa ya sake saukewa gobe. Ni abin da na sauke sau ɗaya dukiya ne, dole na nema masa ɗaki mai kyau.

Sai na shiga Sabon Gari na sayo SSD na tera 1. Da na jona, Windows ya nuna min giga 931 maimakon 1000. Har na fara neman rasit zan koma shagon da faɗa, ƙanena da ke karatu a Samaru ya leƙo ya kwashe da dariya.

"Haba Yaya, kai da kake malamin lissafi? Masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirga, Windows kuma da 1024."

Na ɗauki biro na raba tiriliyan ɗaya da 1024 sau uku. Ga 931 nan zaune. Na ce masa ya wuce ya ba ni wuri. Haka nan kuma na gane cewa tsohon nawa mai 256, tun asali 238 yake nunawa.

Wannan karon a takarda na fara, kamar mai yanka fili. Na ware wa wasan kansa 150. Na ƙara wajen 100 don foldar Community, inda ake zuba ƙarin jirage da filayen sauka da mutane ke haɗawa. Akwai irinsu jirgin A32NX na ƙungiyar FlyByWire da ake bayarwa kyauta, kuma wannan folda tana kumbura ba ka sani ba. Sannan na bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na faifan babu komai, domin SSD in ya cika maƙil tafiyarsa na yin nauyi, ga kuma sabuntawa na dole da ke faɗowa ba sallama.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne rumbun wucin gadin wasan. Duniyar da kake gani a ƙasa ba duka take cikin kwamfutarka ba. Hotunan taswirar Bing ne, kusan petabait 2, wato tera dubu biyu, wasan yana jawo yankin da kake shawagi a kai ta intanet. Rumbun shi ke riƙe abin da aka riga aka jawo don kada a sake saye. Ni kuwa hanyata ɗaya ce kusan kullum: Zariya zuwa Kano, wani lokacin Kaduna, in na ji ƙarfi Abuja. Don haka na ba shi giga 32, na kuma saka iyakar data a cikin saitin wasan. Ƙarin kayan Japan da Amurka da Ingila da ake bayarwa kyauta ban taɓa su ba. Me zan je yi Tokyo alhali ban iya sauka a Kano ba tukuna?

Ƙanena ya so na koma sabon fitowar wasan na 2024, wai giga 50 kawai yake nema. Gaskiya ne, amma ya rage nauyin faifai ne ta hanyar ɗora shi a kan intanet. Faifai sau ɗaya na biya kuɗinsa, data kuwa duk wata ce. Da zan sauya ma, wani wasan tuƙin jirgi mai suna X-Plane 12 zan duba, don shi yana barin ka zaɓi yankunan duniyar da kake so tun wurin girkawa.

Tsohon faifan HDD da ke cikin durowa shi ma ya samu aiki. Bai dace a yi wasan daga kansa ba, jinkirinsa ya yi yawa, amma na kwafe dukkan babban kayan a ciki. Ko Windows ya lalace gobe, kwafowa zan yi in nuna wa wasan hanya.

Ranar Juma'a bayan la'asar na ɗaga ƙaramin jirgi Cessna 172 daga DNZA, lambar filin jirgin Zariya ke nan. Na karkata don in ga dutsen Kufena, 'yata tana tsaye a kafaɗata tana cewa, "Baba, nuna min gidanmu." Rufin kwano ne birjik, ban iya ware namu ba, na nuna mata wani na ce wataƙila shi ne. Tafiyar Kano ba ta kai awa ɗaya ba. Saukar kam, da akwai fasinja a ciki da ya yi salati.