Marka a masaukinmu: lambu ya cika, ɗakuna babu kowa

Duk mai riƙe da masaukin baƙi a ƙauye ya san Agusta ba watan kuɗi ba ne. Namu ɗan ƙarami ne, a bayan Daura ta hanyar Mai'adua, ɗakuna shida da rumfa sai lambu ta baya, kuma tunda marka ta kankama sai mu kwana mu tashi ɗaki ɗaya ko biyu kaɗai ke da mutum. Kowa yana gona, masu biki sun ɗaga sai kaka ta yi, ga guntuwar hanyar da ta taso daga kwalta zuwa ƙofarmu in dai an kwana ana ruwa to ƙaramar mota sai ta tsaya bakin titi a ƙaraso da baƙo kan mashin. Waɗanda ba sa fashi su ne fataken dabbobi masu cin kasuwar Mai'adua ran Lahadi, su iso Asabar da la'asar su yi sammako. Su ɗin ma da aka rufe boda a 2023 bayan juyin mulkin Nijar ɗauke ƙafa suka yi, Kongolam da ke bakin bodar ta yi tsit, sai da aka buɗe a 2024 muka soma ganinsu kaɗan kaɗan.

To abin haushin kuma abin dariya, lokacin da babu masu ci shi ne lokacin da lambun ke bayarwa ba ƙaƙƙautawa. Kuɓewa ba ta san uzuri ba, in aka tsallake kwana biyu ba a tsinka ba ta ƙosa ta yi tauri ko wuƙa ba ta so, ga ƙaiƙayin hannu. Rama ta wuce ƙuguna, yakuwa da alayyafo haka, kabewa ta haye katanga ta faɗa gonar maƙwabta, zogale kuwa ana sara yana tofowa. Tafasa da lalo ma ba wanda ya shuka su, da kansu suke zuwa, ni kuma na hana a nome su saboda miya ce ta kyauta. Tumatir ne dai babu. Baba mai kula mana da lambun duk shekara sai ya ce min, "Hajiya ki bar batun tumatir sai iska ta juya," kuma gaskiyarsa, ruwa da laima ruɓar da shi suke yi tun yana ɗanye, shi ya sa yake tsada a kasuwa yanzu sai masu noman rani sun fara kawowa. Feshi ba ma yi da maganin kanti tunda ganye ne da za a tsinka yau a ci yau, toka yake barbaɗawa da sassafe, ya jiƙa ganyen bedi ya yayyafa, masara kuma da wannan tsutsar mai shiga cikin kumburin ta cinye, toka da yashi yake zuba mata a ciki.

Saboda haka a wannan watan ba mu da wani jerin abinci da za a miƙa wa baƙo ya zaɓa, abin da aka tsinko da safe shi za a ci. Tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa, kwaɗon rama da ƙuli, dambu da zogale, taushe in kabewa ta nuna, ƙwan zabi da ke araha yanzu, nono da man shanu kuwa sai wanda ya ƙi don shanu sun ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Wasu 'yan birni masu zuwa ganin rijiyar Kusugu da fadar sarki su kan fara da tambayar soyayyar shinkafa ko indomi, ina yi masu ba na hanawa, amma a ganina masaukin ƙauye in ya ce zai yi gasa da otal ɗin Kano ko Abuja ya sha ƙasa tun kafin a fara, su ɗin ba su da gasasshen tumu da dafaffiyar ɗanyar gyaɗa da yamma a ƙarƙashin rumfa, mu muna da su.

Babban aikin dai shanya ne, don abin da za mu ciyar da baƙin Disamba da na rani yanzu ake tara shi, kuma shanya a marka wahala ce wallahi. A yanka kuɓewa ƙanana a baza kan tabarma, rana ta ɗan leƙo, kafin azahar hadari ya haɗo daga gabas kowa ya saki abin da yake yi a ruga kwasa, in ta kwana biyu da danshi sai ta yi baƙi ta yi funfuna a zubar, asara kan asara. Dabarar da muka tsaya a kai ita ce ɗakin ƙarshe da ba kowa, an jingine katifa an shimfiɗa buhuna a ƙasa an buɗe tagogi, ya zama ɗakin shanya. Zogale ma dama ya fi son inuwa, in ya bushe a rana korensa gudu yake yi. Sai dai fankar da ke taimakawa da sola take aiki, ranar da aka wuni a lumshe batir ba ya cika, dole a zaɓa tsakanin fanka da firji da jan ruwa zuwa tanki, kullum tanki ke cin nasara.

Sauran hidimar damina kowa ya sani, yoyo, indararo ya toshe, gara a jikin ƙofofi, sare ciyawa saboda macizai, gidan sauro a kowane gado ko baƙo ya ce shi sauro ba ya cizonsa.

Abin da ya ɗan canza lissafin a 'yan shekarun nan shi ne Sallar Gani, tunda da watan Maulidi take tafiya, a 2024 da 2025 cikin Satumba ta faɗo kuma duk shekara tana matsowa da wajen kwana 11, ke nan za mu jima muna yin ta cikin damina. Garin Daura cika yake yi da masu zuwa kallon hawa, masaukan cikin gari su cika mu ma a tuna da mu, ga lambu da sauran ɗanyen ganye. Matsalar ita ce ɗakin shanyar nan dole a kwashe a wanke a turara shi don warin kuɓewa ba ya fita da wuri, ban ma san inda zan kai buhunan ba tukuna. Maigida na neman tifa biyu ta burji a zuba a hanya kafin lokacin, Baba kuma ya riga ya ware gefen rijiya inda zai yafa irin tumatir da tattasai da zarar ruwa ya fara ja baya.