Alhamdulillah an sallamo Hajiya, ga godiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah, an sallamo Hajiya muna gida Tudun Wada. Ba sai na maimaita ba, duk kun bi abin tun ranar da ta faɗi aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, to yanzu tana shan kunu da hannunta na hagu, maganar ma ta fara fita sai dai ka kasa kunne sosai. Ni kam wallahi ko waya ban iya ɗagawa da kyau, wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri.

Likitoci da nas-nas na asibitin Shika da masu gashin ƙashi da suka dage da ita har ta zauna da kanta, Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Maƙwabtanmu da suka riƙe min yara, Goggo da ta kwana a ƙasa kan tabarma da ciwon ƙafarta, Yaya Babba da ya sayar da babur ɗinsa bai gaya wa kowa ba sai daga baya na ji, na san zai yi min faɗa don na faɗa amma sai na faɗa.

Akwai baiwar Allah ɗaya a ofishin walwala na asibitin, ni da ban ma san akwai ofishin ba. Lokacin da Hajiya ta juya fuska bango ta ƙi abinci, tana ta hawaye tana nuna wai a cire mata robar hanci a bar ta ta tafi ta zame mana kaya, wallahi ranar na karaya, na fita baranda ina kuka. Matar nan an tashi aiki har ta rataya jaka ta dawo, ta ja kujera ta zauna ta ce Mama ina wuni, ba ta yi maganar ciwo ba ko kaɗan, sai tambayarta take yi kasuwar Sabon Gari ta da can da zamanin jam'iyyar NEPU, da ta ambaci Hajiya Gambo Sawaba sai ga Hajiya ta juyo tana ƙoƙarin magana, don ta sha ba mu labarin yadda suke leƙen taronsu suna 'yan mata. Kafin isha'i ta yarda an ba ta abinci. Matar nan ce kuma ta yi ta zirga-zirga da takardunmu har aka samu sassauci, ta haɗa ni da nas ɗin da ta koya min juya ta duk bayan awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama ta.

Shi ya sa nake jin haushi idan aka ce wai aikin walwala irin na matar nan aikin wanke tsofaffi ne. Karatu ake yi a kai, a Kaduna Poly akwai sashensa, a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar masu wannan aiki a Najeriya, cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa ma ta fara aiki a Abuja tun 2021. Kuma mu nan tsohuwa ba za ta saki jiki namiji ya yi mata wanka ko ya canza mata famfas ba, dole sai mace, ga 'ya'ya mata kowa na gidan mijinta ko wurin aiki. Ƙanwata da ta gama sakandare ta ce shi za ta karanta, na ce Allah ya sa albarka, ni zan saya mata fam ɗin JAMB.

Waɗanda suke Kaduna nan kusa amma sai saƙon murya a WhatsApp, mun gode da addu'a, hanya dai ba ta rufe ba, Hajiya tana tambayarku da suna.

Allah ya ba duk marasa lafiya lafiya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mu ikon yi wa na raye biyayya, ya sa kaffara ce. Masu zuwa dubiya don Allah bayan la'asar, da safe muna wajen gashi, kuma kada a kawo mata abu mai gishiri da yawa, likita ya hana.