Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Wuƙar da Ta Rufe Mini Yatsa

A makon jiya na tsaya ne a daidai inda na ajiye ƙera wuƙaƙe masu kube na koma ga masu naɗewa. Wanda ya jefa ni cikin wannan aiki wani tsohon soja ne da ya kawo mini wuƙarsa gyara, ya kuma shaida mini cewa a tsawon aikinsa bai taɓa sukar kowa da ita ba. Igiya, waya, ɗamarar kujerar mota da akwatunan kaya su ne abincinta. Abin da soja ke buƙata, in ji shi, wuƙa ce da zai buɗe da hannu ɗaya ko da yana sanye da safar hannu, wadda kuma ba za ta naɗe ba sai ya ga dama.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya hana ni barci. Na duƙufa kan makullin da maƙerin wuƙaƙe Michael Walker ya inganta a Amurka a 1980, wato siririn fallen ƙarfe a cikin ƙota wanda ke zabura ya tokare gindin ruwan wuƙar da zarar an buɗe ta. Irin makullin da wani maƙerin, Ernest Emerson, ya sa wa CQC-6 ke nan, wuƙar da ya ƙera da hannu wadda ta yi suna a wurin zaratan sojojin ruwan Amurka. Da titaniyam ya yi fallen, tun da ruwan teku ba ya sa shi tsatsa, ruwan wuƙar kuwa da wani nau'in ƙarfe mai suna ATS-34, ya wasa shi ta gefe ɗaya kawai kamar kurfi. Har yau ban gamsu da wannan wasawa ba, domin tana karkatar da yanka.

A ido aikin ba wuya, amma sirrinsa duka yana cikin gangaren da ake gogewa a gindin ruwan. Idan gangaren ya yi yawa makulli ya zame, idan ya yi kaɗan ya cije ya ƙi saki. Nawa ya yi yawa. Ranar gwaji na buga bayan wuƙar a kan katako, makullin ya kuɓuce, kaifin ya sauka a kan manuniyata, kuma tabon yana nan har gobe. Na ɗaure yatsan, na kwance wuƙar gaba ɗaya, na jefar da ruwan da na kwashe kwana tara ina gogewa.

A mako mai zuwa zan kawo yadda sojan ya karɓi ta biyun.