Teku a daɓen ɗaki: yawona a gidan tarihin Bardo

Duk wanda ya je Tunis ya dawo bai shiga Bardo ba gaskiya ya yi asarar kuɗin jirgi. Mu taro ne ya kai mu, ni da wani dattijo abokin tafiyata da nake kira Baba Alhaji, da aka ba mu rana ɗaya ta hutu sai na ce masa mu je, ya ce gidan gumaka za ka kai ni? Na ce Baba Alhaji tarihi ne, ya ce to Allah ya sa. Muka hau ɗan koren jirgin ƙasan nan nasu da ke ratsa tsakiyar gari, layi na 4, cunkoso ba a magana, muka sauka a Bardo muka ƙarasa da ƙafa.

Wurin asalinsa fadar sarakunan Tunis ce, waɗanda ake ce wa Bey, a 1888 aka mai da wani sashe gidan adana kayan tarihi, majalisar dokokin ƙasar ma a harabar take shi ya sa ko'ina jami'an tsaro. Kana shiga za ka ga allon sunayen waɗanda 'yan bindiga suka kashe a nan ranar 18 ga Maris 2015, mutum 22, yawancinsu baƙi 'yan yawon buɗe ido. Muka ɗan tsaya jim sannan muka wuce.

Abin da Bardo ya yi suna da shi shi ne mozayik, wato daɓe ne da Rumawa ke yi da ƙananan duwatsu masu launi, a yanka su ƙanana a jera ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Daga gidajen masu kuɗin zamanin aka ɓamɓaro su aka kawo, wasu an manna a bango wasu suna ƙasa. Kuma wallahi duk ɗakin da ka leƙa teku ne, kifi, jirage, masunta, allolinsu na ruwa, har sai ka fara jin kamar mutanen nan ba su da wani zance.

Babban cikinsu Naftun, wanda Rumawa suka ɗauka shi ke mulkin teku. Akwai daɓen hotonsa da aka samo a garin Shabba can bakin ruwa, na ƙarni na 2 miladiyya, yana tsaye cikin keken da dawakai huɗu ke ja, dawakan gabansu doki bayansu wutsiyar kifi, ga mashi mai baki uku a hannunsa, a kusurwoyi huɗun kuma mata ne da ke wakiltar lokutan shekara. Baba Alhaji ya kalle shi ya ga ba ko bante, ya ce a'uzubillahi, duk wannan sarauta ba riga? Ya yi gaba abinsa. Akwai kuma Okiyanus, shi ma cikin allolinsu na ruwa, wani ƙaton kai mai gemu buzu-buzu, a goshinsa maimakon ƙaho hannuwan ƙaguwa ne suka fito, shi kam ya maimaitu a wurare da yawa har na gaji da fuskarsa.

Inda na daɗe shi ne gaban wanda aka ɗauko daga Dugga, na ƙarni na 3. Labarin Yulisis ne na tsoffin Girkawa, mutumin da ke hanyar komawa gida daga yaƙi sai ya zo wucewa ta wurin wasu halittu mata masu waƙa da ke yaudarar matuƙa har jirgi ya daki dutse, shi kuma ya nace sai ya ji waƙar, sai ya toshe kunnuwan yaransa da kakin zuma ya ce su ɗaure shi a sandar tsakiyar jirgi. Ga shi nan kuwa a ɗaure, hannuwa ta baya, ido a buɗe yana kallon ɓangarensu, yaransa huɗu zaune da garkuwoyinsu sun juya kai wani gefen ko a jikinsu. Matan su uku kan duwatsu, ɗaya da sarewa biyu ɗaya da garaya irin tasu, kuma ba wutsiyar kifi gare su ba irin ta Mami Wata da muka saba gani a hoto, fikafikai ne da ƙafafun tsuntsu har da farata. Amma wanda ya fi burge ni a hoton ba ya cikin labarin ma, wani masunci ne can gefen hagu cikin ɗan kwalekwalensa, ya ɗaga ƙaton jatan lande yana nunawa, duk wannan bala'i na faruwa kusa da shi shi dai kamunsa ya dame shi.

A gida ɗaya da wancan aka samo wani na Diyonisos, allan giya a wurin Girkawa, wanda 'yan fashin teku suka sace ba su san ko waye ba, ga damisa ta kai wa ɗaya cafka, sauran suna faɗawa ruwa suna rikiɗa, rabi mutum rabi dolfin, wata dabbar teku mai kama da kifi.

To abin da ya tsaya mini a rai shi ne Dugga ba garin bakin teku ba ne, cikin tsaunuka take, ta fi kilomita 100 daga Tunis. Altiburos ma can ciki take wajen Kef, amma daga can aka samo daɓen da ya jera jirage sama da 20 iri-iri, kowanne da sunansa rubuce a gefe, har da na dakon dawakai. Me manomi zai yi da wannan? Ai dukiyar ce ta ruwa take zuwa. Alkama da man zaitun na yankin nan jirage ke kwasa zuwa Rum, duk attajirin da ke zaune a tudu ya san ribarsa sai ta haye Bahar Rum ta dawo, don haka ya shimfiɗa tekun a ɗakin cin abinci ko wurin wanka ya sa baƙi su taka. Ni a ganina allolin ado ne kawai na nuna an waye an san adabin Girkawa, fuskokinsu duk kusan ɗaya, amma kifayen kam mai aikin ya san su, ka ga mai jan jiki mai gemu biyu, ka ga dogon nan mai kama da maciji, ka ga mai hannuwa takwas ya nannaɗe, kowanne da launinsa daidai. Wannan hannun wanda ke zuwa kasuwar kifi ne.

Daga nan muka shiga ɓangaren kayan da aka tsamo daga teku kusa da garin Mahdiyya, nan ne fa ka ga aikin tekun na gaske. A 1907 wasu Girkawa masu nutso neman soso suka ci karo da jirgin da ya nutse tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, kimanin kilomita 5 daga gaɓa, zurfin mita kusan 40. Kayan alatu ya ɗauko daga ƙasar Girka, ginshiƙan marmara wajen 60, gadaje na tagulla, mutum-mutumi, har da wasu wadanni na tagulla suna rawa. Ka duba marmaran, gefen da ya nutse cikin yashi sumul kamar jiya aka sassaƙa, gefen da ya zauna a ruwa duk ya rarake ya yi ramuka. Nan Baba Alhaji ya tsaya da gaske, shi da yake ɗan kasuwa, ya ce Allah sarki mai kayan nan, yana can yana jiran kaya har ya mutu. Ya tambayi ma'aikacin wurin da Larabcinsa na allo ko an san mai jirgin, mutumin ya girgiza kai ya ce la ya Hajj.

Da muka fito yunwa ta gama mu, muka ɗauki tasi zuwa tashar jirgin da ke zuwa Kartaj, muka sauka a Halƙul Wadi inda gidajen cin kifi suke jere. Aka kawo mana gasasshe da soyayyen dankali da ƙwai da harisa mai yajin tsiya, Baba Alhaji ya cinye nasa tas ya ƙara da rabin nawa, sannan ya ce in duba mana masallaci la'asar ta kusa wucewa.