Abin da hanyar Jokulsarlon ta koya mini

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin mota, bayan shekara huɗu ina ɗaukar baƙi daga Reykjavik zuwa tafkin ƙanƙara na Jokulsarlon in dawo da su a yini guda. Tun da aka ji zan bar aikin, 'yan'uwa biyu da ke karatu a nan Ayislan suka same ni suna son in yi musu hanya. Na ce su bari in rubuta abin da na sani tukuna, in sun karanta sun ga za su iya, sai mu zauna.

Ba zan ɓata lokaci kan abin da duk wanda ya taɓa bin Hanya Mai Lamba 1, babbar hanyar da ta zagaye ƙasar, ya sani ba. Kilomita wajen 380 zuwa, haka kuma dawowa, awa 14 ko 15 a kan hanya, da gadojin nan masu layi ɗaya da sai wani ya tsaya wani ya wuce. Wannan duk jiki yana sabawa. Abin da ba a gaya mini ba shi ne bambancin da ke tsakanin tuƙa babbar bas da ɗaukar baƙi na musamman. A bas mutum arba'in ne, babu wanda ya san sunanka, in ofis ya ce an fasa tafiya shi ke nan. A tafiya ta musamman kuwa ku uku ne ko huɗu a mota ɗaya. Sun biya kuɗi masu kauri, suna kiran sunanka, kafin ku wuce garin Selfoss sun ba ka labarin jikokinsu, sun miƙo maka abin da suke ci. Wanda ya ba ka labarin jikokinsa da safe, da wuya ka dube shi da rana ka ce masa a'a. Ga mu kuma da muka taso ana gaya mana baƙonka annabinka, aka kuma hore mu da jin nauyin babba.

A watan Fabrairu ne na shekarata ta biyu. Dattijo ne da matarsa da 'yarsu. Matar ta cika shekara 70, kuma burinta tun tana budurwa ta ga curin ƙanƙara yana yawo a kan ruwa. Washegari da sassafe jirginsu zai tashi daga Keflavik, wato wannan ranar ce kaɗai gare su.

Tun da dare hukumar yanayi ta sa gargaɗi mai ruwan ɗorawa a kudu maso gabas, da alamar iskar za ta ƙaru bayan azahar. Ƙarfe shida na safe na kira manaja. Na gaya masa hankalina bai kwanta ba, ina ganin mu tsaya a garin Vik mu juyo, a rage musu kuɗi. Ya ce ruwan ɗorawa ba komai ba ne, in za a riƙa fasa tafiya saboda shi to sai a rufe kamfani duk lokacin sanyi. Ya ƙara da cewa ya lura ni na fiye tsoron iska, wataƙila don ban taso a cikinta ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta ɗaure ni. Na shiga mota da niyyar in nuna masa ba tsoro nake ji ba, kuma tun daga nan na fara kuskure.

Da safe komai ya tafi daidai. A Seljalandsfoss, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, an rufe 'yar hanyar da ke zagayawa bayan ruwan saboda santsi, suka tsaya daga gaba suka ɗauki hoto. A Skogafoss, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin mita 60, feshin ya daskare a kan duwatsu kamar an shafa musu gilashi, na ɗaura wa dattijuwar ƙarafan taka ƙanƙara a takalminta da hannuna. Ta riƙe kafaɗata tana dariya. Na nuna musu Eyjafjallajokull, dutsen da ya yi aman wuta a 2010 ya tsayar da jiragen saman Turai kwana da kwanaki, dattijon ya ce shi ma ya kwana a filin jirgi a wancan makon.

Wajen sha biyu muka isa Vik. Ina shan mai na duba waya, gargaɗin ya koma ruwan goro, wanda ya fi ruwan ɗorawa tsanani. Duk direban da ya san yankin Oraefi ya san ma'anar wannan. Iskar da ke gangarowa daga kan Vatnajokull, babban tsaunin ƙanƙarar yankin, takan taru a jikin dutse, sai ta faɗo kan hanya lokaci guda kamar an tunkuɗo bango. Na sake kiran manaja. Amsar da ya ba ni har yau ina iya maimaita ta: kai ke wurin, kai za ka duba, amma ka sani in ka juyo mu za mu mayar da kuɗi, kuma mutanen nan ba za su sake samun wata rana ba. Bai ce in tafi ba, bai ce in juyo ba. Ya ɗora mini kayan ya janye hannunsa, kuma duk a baki, babu ko layi ɗaya a rubuce.

Na koma mota na yi musu bayani. Dattijon ya dafa hannuna ya ce sun yi shekara suna tara kuɗin wannan tafiya. Matar ba ta ce komai ba, ta dai dube ni. Da mahaifiyata ce ta yi mini wannan kallon, da abin da zan yi ke nan. Na tayar da mota muka nufi gabas.

Daga dutsen Lomagnupur hanya takan ratsa Skeidararsandur, fili ne na baƙin yashi iya ganinka, wanda ambaliyar ƙarƙashin ƙanƙara ta shimfiɗa. A gefen hanya akwai ƙarafan gada da ambaliyar 1996 ta murɗe kamar igiya, an bar su a nan don tunawa. Kullum nakan tsaya in nuna wa baƙi. Ranar ban tsaya ba, don yashi ya riga ya tashi yana dukan gilashi da ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Allon hanya ya nuna ƙarfin bugun iska da jan rubutu, mita 34 a daƙiƙa. Na gani da idona. Akwai wurin juyawa a Skaftafell, na wuce shi. A raina ina cewa saura kaɗan, mun riga mun zo, in na juya yanzu na yi biyu babu.

Ƙarfe uku da wani abu muka isa tafkin. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganinsa da kyau irin na ranar ba. Iska ta tara curarrakin ƙanƙara duka a bakin mashigar da ke fita teku, kusa da gada, wasu fari fat, wasu shuɗi kamar an jiƙa su a baba, da baƙaƙen layuka na tokar aman wuta da ta kwanta a cikinsu tun ɗaruruwan shekaru. Suna gogar juna suna wani irin gunji. Wani karen ruwa, wanda Turawa ke kira seal, ya ɗago kai a tsakaninsu ya nutse. Dattijuwar ta sa hannu a baki, hawaye na zuba.

Na yi fakin da bayan mota ga iska, saboda in ba su gaban gilashi su ga tafkin sosai. Wannan shi ne kuskure na biyu, kuma shi ne wanda ya fi ci mini rai, don abu ne da na sani tun makon farko. Kafin in zagayo in riƙe mata ƙofa ta riga ta buɗe. Iska ta fizge ƙofar ta lanƙwasa ta zuwa gaba, ta jawo matar da ke riƙe da mariƙin ta yar da ita a kan ƙanƙara. Na ji ƙarar wuyan hannunta. Ba ta yi ihu ba. Tana kwance tana ba ni haƙuri, wai ita ce ta yi gaggawa.

Na kira 112, lambar neman agajin gaggawa. Kafin wani lokaci an rufe hanyar yamma gaba ɗaya. Masu aikin ceto, waɗanda 'yan sa kai ne da ke barin gidajensu da sana'arsu su fito a irin wannan rana, su suka taimaka aka kai ta garin Hofn, kilomita 80 a gabas, aka ɗaure hannun. Ɗaya daga cikinsu ya taya ni ɗaure ƙofar da igiya. Bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaye ni ƙarfe nawa na bar Vik. Da na faɗa masa sai ya yi shiru ya ci gaba da ɗauri. Muka kwana a can, jirgi ya tashi babu su.

Abin da ya biyo baya shi ne ban yafe ba tukuna, ko da yake ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Manaja ya rubuta wa iyalin cewa direba ne ya yanke shawarar ci gaba shi kaɗai, bayan ofis ya ja masa kunne. Haka ya faɗa wa masu kamfani. A ƙarshen wata ya cire kuɗin gyaran ƙofa daga albashina. Na je ofishinsa na tuna masa maganarmu ta ƙarfe shida da ta Vik, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai tuna ya ce in tafi ba. Kuma gaskiya ne, bai furta kalmar ba. Ya san abin da yake yi. Ƙungiyar ƙwadago ta karɓo mini kuɗina cikin 'yan makonni, don a ƙasar nan kusan kowane ma'aikaci yana cikin ƙungiya kuma ba a wasa da albashi. Amma wasiƙar da ya aika ba a janye ta ba, kuma har na bar wurin babu wanda ya ce mini an zalunce ni.

Duk da haka ba zan ɗora masa komai ba. Shi ya tura, amma ni ke riƙe da sitiyari. A daren da muka kwana a Hofn na kira mahaifina, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙin babbar mota tsakanin Kano da Legas. Na kwashe labari na gaya masa, ina jiran ya zagi manaja. Sai ya ce, "Auta, mai mota yana gida a kan katifa. Wa ya ga hanya?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "To mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kunyar da ta sa ka kai tsohuwar mutane inda za ta karye, ba tarbiyyar da na ba ka ba ce." Na yi shiru, don babu abin cewa.

Daga ranar na sauya yadda nake aiki. Duk maganar yanayi da ofis a rubuce nake yin ta, kuma ba na tayar da mota sai an amsa a rubuce. Tun a ƙofar otal, kafin a fara labarin jikoki, nake gaya wa baƙi cewa a Vik zan duba hanya, in na ce mun juyo to mun juyo, wanda bai yarda ba ya sauka yanzu a mayar masa da kuɗinsa. Babu wanda ya taɓa sauka. A shekaru biyu da rabi da suka biyo baya sau goma sha ɗaya na juyo. Wasu sun yi fushi, wani ya rubuta a intanet cewa na cuce su. Cikin sha ɗayan nan, sau bakwai an rufe hanya a bayanmu kafin magariba. Bayan waccan dattijuwar babu wanda ya sake ko da gurɗewa a motata.

Sauran abubuwan ƙanana ne, za ku koya da kanku. Fuskar mota ga iska, hannu biyu a kan ƙofa, kai za ka buɗe wa kowa. A bakin tekun Reynisfjara kada ka bar kowa ya ba teku baya, igiyar ruwan can takan zo ba sallama, ta kuma ci rayuka. Kada wani ya taka curin ƙanƙara ko da ya jingina da gaɓa, don mafi yawansa yana ƙarƙashin ruwa kuma yakan kife ba zato. In barci ya fara kama ka a dawowa, tsaya a Vik ka rufe ido minti goma sha biyar, baƙi za su jira. Ka shiga ƙungiya tun albashin farko. Lokacin sanyi azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa, ka tsara tsayuwarka da su tun safe, ban taɓa samun baƙon da ya hana ni salla ba.

Ku kuma gaya wa baƙi gaskiya game da abin da suke kallo. Tafkin nan babu shi kafin shekarun 1930, ƙanƙarar Breidamerkurjokull ce ta ja da baya ta bar ramin, kuma yana ƙara faɗi saboda tana ci gaba da narkewa. A Solheimajokull, a shekara huɗun nan kaɗai, tafiyar ƙafa daga wurin ajiye mota zuwa bakin ƙanƙarar ta ƙara tsawo, ƙafata ce shaida.

Motar nan tana nan a kamfani. An gyara ƙofar amma ba ta koma daidai ba, in ka kai gudun 80 za ka ji tana fito ta gefen dama na baya. An sha cewa a ba ni sabuwa, na ce a bar mini ita. Ranar Juma'a da zan miƙa makulli na kai yaron da zai gaje ni wurinta, na nuna masa inda ƙarfen ya lanƙwashe, na ba shi labarin tun daga kiran ƙarfe shida.