Talata: Facin Jakar Mai

Har yanzu warin man jirgi bai bar hannuna ba, duk da sabulun da na sha gogawa. Yau wuni guda na yi a kan jakar mai ɗaya tak, ta fiffiken hagu na wani tsohon ƙaramin jirgin sama ƙirar Cessna 182 da aka turo mana rumfa a makon jiya.

Shuɗin tabo ne ya tona asiri. Man ƙananan jirage masu farfela, wanda ake kira 100LL, rina shi ake yi da shuɗi, don haka duk inda ya tsiyaya sai ya bar zane a ƙasan fiffike. Jiragen Cessna 182 da aka ƙera kafin 1979 ba tankin ƙarfe gare su ba. Jaka ce ta yadin nailan da aka lulluɓe da roba, an cusa ta cikin fiffike, maɓallai suna riƙe da ita ta sama. Muddin tana cike da mai tana nan da laushinta. Wannan kuwa an ajiye jirgin wata da watanni ba ko ɗigo, robar ta bushe, da aka sake zuba mai sai ya fara tsiyaya.

Tun jiya muka tsiyaye man muka bar iska ta ratsa. Da safe na ɗaura wa jirgin wayar da ke sauke lantarki ƙasa, na sa yaron da ke koyon aiki ya kai wayarsa ta hannu ofis. Ya ɓata rai, amma tankin da babu mai sai tururi ya fi cikakke saurin kamawa da wuta. Fitar da jakar shi ne wahalar. Ƙofar da ke saman fiffiken da ƙyar take ɗaukar hannu zuwa kafaɗa. Sai da muka liƙe bakinta da tef don kada kaifin ƙarfe ya ƙara mana wani yankan, na ɓalle maɓallan da lalube, na naɗe jakar, muka jira rana ta ɗan ɗumama ta saboda sanyin hunturu ya sandarar da ita, sannan ta fito.

Muka toshe duk kafofinta, muka hura mata iska kaɗan, muka bi ta da kumfar sabulu. Shiru. Sai na koma tsohuwar dabarar da aka koya mana a makarantar jiragen sama ta Zariya: tsumma jiƙe da amoniya a cikin jakar, farin ƙyalle jiƙe da ruwan finolftalin, sinadarin da ke yin ja in tururin amoniya ya taɓa shi, a shimfiɗe a bayanta. Ba a jima ba wani jan ɗigo kamar ƙwayar gero ya fito a kan ƙyallen. Yaron ya ce, "Oga, wannan ɗan abin ne ya sauke jirgi guda?" Shi ne fa. Mun yi sa'a hujin yana fili, nesa da haɗin roba da bakin bututu. Da a can yake, da babu maganar faci.

Ana cikin haka mai jirgin ya iso. Da ya ga gwangwanin gam sai ya yi dariya, ya ce, "Injiniya, ashe aikin mai facin taya ne. Ke nan da yamma zan tashi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai Juma'a, ita ma in gwaji ya yi kyau." Bai ji daɗi ba, amma bai ja ba.

Shafa gam ɗin kansa bai fi minti kaɗan ba. Shirin ne ke cin lokaci. Na duba ranar lalacewarsa a jikin gwangwani, don gam da ya wuce wa'adi yakan kama da kyau a ido, ya saki bayan ya sha mai. Na goge wurin da samfefa har ƙyallin robar ya tafi, ban bari na taɓa zaren nailan ba. Na share da sinadarin wanke maiƙo da ake kira MEK, mai hawa kai in babu iska. Na yanka facin ya zarce hujin da inci 2 ta kowane gefe, na zagaye kusurwoyinsa, domin daga kusurwa faci ke fara ɗagowa. Gam ɗin kashi biyu ne, a auna a gauraya. A shafa siriri, a jira ya yi danƙo, a ƙara. Duk wannan a ɗakin da muka rufe tagoginsa, saboda ƙurar bana ba ta da kunya. Na ɗora facin, na bi shi da ƙaramar rola daga tsakiya zuwa baki har iska ta fice, na rufe da leda, na matse tsakanin faranti biyu. Littafin kamfani ya ce awa 72 in ba a yi amfani da zafi ba, kuma sa hannuna ne zai shiga kundin jirgin.

Abin da ya fi damuna shi ne mayar da ita. In ƙasan jakar ya yi ƙudundune, ruwa yakan maƙale a cikin lanƙwasar, matuƙi ya tsiyayi mai kafin tashi ya ga tas, sai a sama ruwan ya gangaro inji. Saboda haka ne hukumar jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarnin dole a kan jakunkunan waɗannan jirage a 1984.

Kafin in tashi daga aiki na haska tocila mara tartsatsi cikin jakar fiffiken dama. Duk ta yi tsaga-tsaga. Wannan gam ba zai yi mata komai ba, sai sabuwa. Gobe da safe zan kira Alhaji mai jirgin in faɗa masa, kafin ya sa rai da Juma'a.