Kaset Ɗin Throbbing Gristle da Na Kusa Ɓatawa

Sana'ata ita ce juye tsofaffin kaset-kaset zuwa kwamfuta, kuma galibin abin da ake kawo mini wa'azi ne ko kiɗan biki. Wata rana wani abokin hulɗata ya aiko mini da kaset ɗin da ya saya a Landan, mai ɗauke da wasan da ƙungiyar makaɗa mai suna Throbbing Gristle ta yi a gaban jama'a a ƙarshen shekarun 1970. Su huɗu ne: Genesis P-Orridge da Cosey Fanni Tutti da Chris Carter da Peter Christopherson. Su suka kafa kamfanin Industrial Records a 1976, kuma daga sunan kamfanin ne salon kiɗansu ya samo sunansa na industrial, wato kiɗan masana'anta. Sun saba naɗar wasanninsu, har ma faifansu na farko da ya fito a 1977 ya ƙunshi abin da suka naɗa a Landan da Brighton da Southampton.

Da na kunna kaset ɗin sai na ji gurnani da ƙarar ƙarfe da ihun da ba a rarrabe kalmominsa, na ɗauka tsufa ne ya ci zaren. Na yi abin da na saba, wato na zaɓi wani ɗan wuri da nake zaton shiru ne, na umarci manhajar tace sauti ta cire irin wannan ƙugi daga farko har ƙarshe. Ashe ƙugin nan daga na'urorin da Carter ya haɗa da hannunsa yake fitowa, kuma a kansa sauran sautukan suka jingina. Abin da ya rage ya zama kamar magana a ƙarƙashin ruwa, har amon ɗakin ya ɓace.

Abin da ya cece ni shi ne kwafin da ke kwamfuta na tace, ban taɓa ainihin zaren kaset ɗin ba. Na goge kan na'urar da auduga, na juya ɗan sukurun da ke daidaita shi har sautuka masu kaifi suka fito sarai, sannan na sake juyewa ba tare da tacewa ba. Tun daga ranar nake ajiye kwafin farko yadda ya fito, kuma ba na cire wata ƙara sai na saurari kaset ɗin gaba ɗaya na tabbatar ba masu wasan ne suka yi ta da gangan ba. A juyi na biyu, ana jin wani daga cikin 'yan kallo yana ɗaga murya a bayan ɗakin, ƙugin kuma yana ta hauhawa har ya rufe shi.